Zazzaɓin dengi a jikin yara: alamomin da ba a saba gani ba da matsalolin da ke biyo baya

"Likita, barka da aiki. 'Yata mai shekara 6 ta yi zazzaɓi mai zafi, aka yi gwaji aka ce dengi ne. A rana ta huɗu jikin ya yi sanyi, muka ce Alhamdu lillahi sauƙi ya samu. Da yamma sai ta fara kukan ciwon ciki, tana amai, ga yawan barci, hannu da ƙafa sun yi sanyi ƙalau. Aka kwantar da mu, aka ce hantarta ta kumbura kuma ruwa ya taru a ƙirjinta. A ɗakin akwai wani yaro, shi ma dengi ne, amma jijjiga ya yi ta yi. Ni dai abin da na sani dengi zazzaɓi ne da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Shin duk waɗannan dengin ne, ko wata cuta ce ta shigo? Kuma me zan lura da shi a jikin sauran yaran?"

Malama, sannu da jinya, Allah Ya ba ta lafiya. Abin da kike son sani shi ne ko cuta ɗaya za ta iya taɓa ciki da hanta da ƙirji da ƙwaƙwalwa, kuma me ya sa abin ya tsananta a daidai lokacin da zazzaɓin ya sauka. E, dengi na yin duk wannan. Abin da kika bayyana ma shi ne yadda cutar ta saba tafiya idan za ta yi tsanani a jikin yaro. Ba ni da takardun gwajin 'yarki a gabana kuma ban duba ta ba, don haka hukunci a kan halin da take ciki na likitocin da ke kanta ne. Abin da zan iya shi ne in buɗe miki yadda abin yake aukuwa, domin ki gane abin da suke yi, ki kuma san lokacin da za ki ɗaga murya.

Saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce

Ƙwayar cutar dengi iri huɗu ce, kuma sauron Aedes ne ke yaɗa ta, wannan baƙin mai ɗige-ɗigen fari da ke cizo da rana, musamman da sassafe da gab da faɗuwar rana. Bayan cizo da kwana 4 zuwa 10 zazzaɓi ke farawa. Daga nan cutar na bin mataki uku: kwanakin zazzaɓi, sa'annan kwanakin haɗari, sa'annan farfaɗowa. Yawancin yara daga matakin farko suke wucewa kai tsaye zuwa sauƙi. Kaɗan ne ke shiga na biyu, kuma yana zuwa ne tsakanin rana ta 3 da ta 7, daidai lokacin da zafin jiki ya sauko wajen digiri 38 ko ƙasa. Ba ya daɗewa, awa 24 zuwa 48 ne, amma kusan duk yaran da ake rasawa a cikin waɗannan awoyin ake rasa su ko a nan matsalarsu ke samo asali.

Abin da ke faruwa shi ne bangon ƙananan hanyoyin jini ya saki, ruwan jini ya riƙa tsattsafowa waje kamar yadda sabon tulu ke yi, ƙwayoyin jinin kuwa su tsaya a ciki. Ruwan da ya fita yakan taru a kewayen huhu, galibi ɓangaren dama, da cikin ciki. Wanda ya rage a jijiya ya yi kauri kuma ya yi kaɗan. Ga ruwa a jiki, amma ba ya inda ake buƙatarsa. Ruwan ƙirjin 'yarki daga nan yake, sanyin hannu da ƙafa ma daga nan yake, domin jiki ya janye jinin da ya rage zuwa ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Hanyoyin jinin yara sun fi na manya saurin yoyo, shi ya sa wannan matsalar ta fi yawa a cikinsu.

Wani abin da ke yaudarar iyaye, har da ma'aikatan lafiyar da ba su saba da cutar ba, shi ne yaron da jininsa ya fara kasa zagayawa yana iya kasancewa a farke, yana magana, awon jininsa na sama kuma daidai. Abin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa. Idan awon ya nuna 95 bisa 80, tazarar 15 ce, kuma duk abin da ya kai 20 ko ya gaza haka a jikin yaro alama ce ta cewa ana bakin rami. Ke ma akwai gwajin da za ki iya: danna farcen yaron har ya yi fari, ki saki. Idan jan bai dawo ba cikin daƙiƙa 2, ga hannu da sanyi, ga bugun jijiya da sauri amma ba ƙarfi, kada a jira gari ya waye.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alamomin gargaɗi da ake aiki da su har yau: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, taruwar ruwa a ciki ko ƙirji, jini daga dasashi ko haɓo, kasala mai yawa ko rashin natsuwa, hanta ta sauko fiye da santimita 2 ƙasan haƙarƙari, da kaurin jini yana hawa alhali ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna faɗuwa da sauri. 'Yarki ta nuna aƙalla huɗu a yini ɗaya. Kwantar da ita da aka yi daidai ne.

Jarirai da ƙananan yara ba sa bin littafi

Ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓin da aka san dengi da su, manya da yaran da suka tasa ne ke iya faɗinsu. Jariri sai dai a ga zazzaɓi da majina da tari, ko gudawa da amai, ko ƙin nono da kuka mara dalili. Da yawa mura ake ɗauka, ko haƙori, ko ƙyanda idan ƙuraje suka fito. Jijjigar zazzaɓi ma ta fi yawa a wannan shekarun. Jariran da suka fi shiga haɗari su ne 'yan wata 4 zuwa 9 da uwarsu ta taɓa yin dengi. Garkuwar da suka samu daga uwa tana kare su a watannin farko, amma idan ta ragu ta kai wani mataki, maimakon ta kashe ƙwayar cutar sai ta taimaka mata shiga ƙwayoyin jiki. Irin wannan ne ke faruwa ga babban yaron da ya kamu karo na biyu da wani nau'in dabam, shi ya sa kamuwa ta biyu ta fi ta farko haɗari. An ga haka ƙarara a ƙasar Kyuba a 1981, lokacin da nau'i na biyu ya shigo shekara huɗu bayan annobar nau'i na ɗaya.

Idan mai ciki ta kamu gab da haihuwa, jaririn na iya zuwa da cutar, ya fara zazzaɓi a makon farko. Yaro mai ƙiba sosai, da mai sikila, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, duk ba a barinsu a gida ko da alamar gargaɗi ba ta bayyana ba. Mai sikila na da wata matsalar ta musamman: jininsa dama ƙasa yake, don haka kaurin jinin da za a ce daidai ne a jikin wani yaro, a nasa yana iya zama hawa mai yawa. Dole a kwatanta da nasa na da, ba da na sauran yara ba.

Ciki da hanta

Kumburin hanta a dengi ba baƙon abu ba ne. Yawancin yaran da aka kwantar, gwajin hantarsu, wato awon sinadaran hanta biyu da ake kira AST da ALT, na ɗan hawa, AST ya fi ALT, kuma yana komawa daidai cikin 'yan makonni. Abin tsoro shi ne idan ɗayansu ya kai 1000 ko ya wuce, ko ido ya yi shawara, ko yaro ya fara ruɗewa, barcin rana da farkawar dare, ko jini ya ƙi tsayawa a inda aka huda. Shawara ba ta cika zuwa da dengi ba, saboda haka idan ta bayyana sai a nemi ɗayan uku: hanta ta fara gazawa, ko jini na fashewa, ko akwai wata cutar tare, kamar maleriya. Abu uku ke lalata hantar: ƙwayar cutar kanta, da daɗewar da hanta ta yi ba isasshen jini, da maganin da aka ɗura wa yaro. Na ukun nan a hannunmu yake. Zazzaɓin dengi ba ya jin farasitamol sosai, sai uwa ta ga zafi bai sauka ba ta ƙara, ta haɗa da wani maganin mura wanda shi ma da farasitamol a ciki, hantar da dama ta jigata ta ƙarasa.

Ciwon cikin na iya yin tsananin da za a zaci afendis ne, ko ciwon matsarmama, domin bangonta na kumbura ya yi kauri ko babu tsakuwa a ciki. Wannan na daga cikin wuraren da na fi jan hankalin abokan aiki: yaron da ke rana ta 4 ko ta 5 da zazzaɓi, yana ciwon ciki, ƙwayoyin daskarar da jininsa sun faɗi, a yi hattara da kai shi ɗakin tiyata. Sau da yawa idan aka gyara ruwan jikinsa ciwon na lafawa cikin awoyi, yanka shi kuwa a wannan halin na iya jawo zubar jinin da ba za a iya tsayarwa ba. Akan ga kumburin maraina a yara maza saboda ruwan da ya gangaro, ko kumburin gefen kunne kamar hangum, kuma dukansu suna bajewa da kansu.

Jijjiga da gushewar hankali

Yaron da kika gani yana jijjiga, dalilan da za su iya sa shi haka suna da yawa, kuma ba duka ba ne ke nufin ƙwayar cutar ta shiga ƙwaƙwalwa. Mafi sauƙi ita ce jijjigar zazzaɓi a yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5: tana zuwa a kwanakin farko lokacin da jiki ke da zafi, ba ta daɗewa, yaro ya farfaɗo garau. Wadda ta zo bayan zazzaɓi ya sauka, ko ta maimaitu, ko yaro bai dawo hayyacinsa ba bayanta, wannan wani abu ne dabam. A nan abin da muke fara nema shi ne abubuwan da ake iya gyarawa nan take. Sukarin jini ya faɗi, domin yaro ya kwana biyu bai ci ba kuma hanta ba ta aiki sosai? Gishirin jini ya yi ƙasa, domin ruwa zalla aka yi ta ba shi ko aka ɗaura masa ƙarin ruwa mara isasshen gishiri? Sinadarin kalsiyam ya ragu? Jini ne ba ya isa ƙwaƙwalwa? Hanta ko ƙoda ce ta gaza? Bayan waɗannan sai zubar jini a cikin kai, sai kumburin ƙwaƙwalwa da ƙwayar cutar ke haddasawa da kanta, wanda yana faruwa amma bai kai sauran yawa ba. Kuma ko gwaji ya nuna dengi, ba a rufe ido ga sanƙarau da maleriyar da ke taɓa ƙwaƙwalwa, domin yaro na iya ɗauke da cuta biyu a lokaci guda.

Akwai kuma waɗanda ke zuwa a makare, kwanaki ko makonni bayan an koma gida. Yaro ya fara tangaɗi, ko ƙafafu su yi rauni raunin yana hawowa sama, ko fitsari ya ƙi fita. Wannan garkuwar jiki ce ta juya kan jijiyoyi ko lakar baya, kuma yana buƙatar asibiti a ranar, domin raunin na iya kaiwa ga naman da ke jan numfashi. Wani yaron kuma ƙin taka ƙasa zai yi saboda ciwon sha-raɓa, naman ne ya kumbura. Yawanci yana wucewa cikin mako guda, amma idan fitsari ya koma kalar shayi a duba ƙoda. Babban yaro na iya cewa yana gani dishi-dishi ko akwai duhu a tsakiyar abin da yake kallo, wajen mako guda da fara ciwo. A kai shi likitan ido, kada a ce jiri ne.

Zuciya, ƙoda da jini

Dengi na iya kumbura naman zuciya. Alamar da ke nuna haka ita ce yaron da aka ba ruwa yadda ya kamata amma bai farfaɗo ba, sai ma numfashi ya ƙara yin sama-sama. Irin wannan ƙarin ruwa ba ya yi masa magani, maganin ƙarfafa bugun zuciya yake buƙata. Saɓanin haka, bugun zuciya ya yi jinkiri a kwanakin farfaɗowa abu ne da aka saba gani, kuma yana daidaita da kansa. Ƙoda kuwa galibi tana gazawa ne idan jini ya daɗe bai isa gare ta ba, ko jini ya fashe, kamar yadda ke faruwa ga yara masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini.

Iyaye kan ɗora hankalinsu kacokan a kan adadin ƙwayoyin daskarar da jini, kullum ana tambaya nawa suka koma. Na fahimci dalili, amma ba a nan haɗarin ya fi yawa ba. Yaro na iya sauka ƙasa da 50,000 bai zubar da ko ɗigo ba, kuma adadin na hawa da kansa da zarar kwanakin haɗari sun wuce. Ba a ƙara wa yaro waɗannan ƙwayoyin don lamba ta yi ƙasa kawai. Zubar jini mai kisa a yara yawanci tana biyo bayan daɗewa cikin rashin zagayawar jini ne, kuma a hanji take ɓuya. Alamarta baƙin kashi kamar kwalta, ko amai mai kalar ƙasa-ƙasa, ko kaurin jini ya faɗi alhali yaron na ƙara lalacewa. A nan jini ake sakawa, ba ruwa ba. 'Yan matan da suka fara al'ada a tambaye su, domin jinin na iya yin yawa su ji kunyar faɗi.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangaren ba shi da yawa amma yana kisa idan ba a gane shi ba. Zazzaɓin dengi bai cika wuce kwana 7 ba. Idan ya zarce, ko ya tafi ya dawo, ga hanta da saifa sun kumbura, ga dukkan nau'o'in ƙwayoyin jini suna ƙasa, to ko wata ƙwayar cuta ta shiga jini, sau da yawa ta wurin allurar ƙarin ruwa, ko garkuwar jiki ce ta haukace tana cinye ƙwayoyin jininta. Gwajin feritin, sinadarin da ke adana ƙarfe a jiki, na taimakawa, domin yakan yi mummunan hawa a wannan halin.

Ruwa: ƙarancinsa da yawansa duk illa ne

Babu maganin da ke kashe ƙwayar dengi. Jinyar duka ita ce a riƙe zagayawar jini har yoyon ya tsaya, kuma idan aka yi haka da kyau waɗanda ake rasawa ba sa kai 1 cikin 100. Ga yaro mai alamar gargaɗi, akan fara ƙarin ruwa ta jijiya da mililita 5 zuwa 7 a kowane kilo a awa na tsawon awa 1 zuwa 2, a rage zuwa 3 zuwa 5, sa'annan 2 zuwa 3, ana duba fitsari da bugun jijiya da kaurin jini, wato PCV, kowane 'yan awoyi. Idan awon jini ya riga ya faɗi, mililita 20 a kowane kilo ake turawa da sauri. Yaro mai ƙiba da nauyin da ya dace da tsayinsa ake lissafi, ba da abin da sikeli ya nuna ba.

Kuskuren da ya fi yawa bayan an tsallake haɗari shi ne a bar ledar ruwa tana tafiya. Da yoyon ya tsaya, ruwan da ya fita na komawa jijiya cikin awa 48 zuwa 72. Idan ana ta ƙara wani a kai, sai fatar ido ta kumbura, ciki ya yi tauri, huhu ya cika, yaro ya kama haki. Saboda haka idan kika ga an rage ruwan ko an cire alhali hoto na nuna sauran ruwa a ƙirji, ba sakaci ba ne. Alamun an juyo su ne yaro ya nemi abinci, fitsari ya yawaita, wani lokaci jan ƙurji mai ɗige-ɗigen fari ya fito a ƙafafu, tafin hannu da na ƙafa su yi ƙaiƙayi. Wannan ƙurjin albishir ne, ba sabuwar cuta ba.

Sauran yaran gida

Ki rubuta ranar da zazzaɓi ya fara, domin kusan duk shawarar likita a kan lissafin kwana take. A kwana 5 na farko gwajin NS1, mai neman ɓangaren ƙwayar cutar a jini, ne ke kama cutar, bayan haka sai na IgM, mai neman garkuwar da jiki ya samar. Gwajin da aka yi ba a kan lokacinsa ba na iya cewa babu alhali akwai. Farasitamol kaɗai za a ba yaro, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, tazarar awa 6, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Yaro mai kilo 20, idan ruwan maganin mai miligiram 120 a mililita 5 ne, mililita 10 ya ishe shi. Ban da asfirin, ban da ibuprofen da diclofenac, domin suna cin bangon ciki suna kuma hana jini daskarewa, asfirin ma na iya lalata hanta da ƙwaƙwalwar yaro. Ban da allura a ɗuwawu, wurin na iya tara jini. Idan zafi ya ƙi sauka, a goge jiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi.

A ba shi ruwan gishiri da sukari, da nono ko madara, da romo, da ruwan 'ya'yan itace, kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada a tsaya ga ruwa zalla. A guji abin sha ja ko baƙi, don kada a kasa bambanta shi da jini idan ya yi amai. Ki ƙirga fitsari: yaron da ya yi awa 6 bai yi ba, asibiti. Daga rana ta 3 a riƙa kai shi ana duba jini kullum har ya yi kwana 2 ba zazzaɓi yana ci yana wasa. A sa shi cikin gidan sauro har da rana a makon farko, domin sauron da ya cije shi zai kai wa 'yan'uwansa, a kuma zubar da duk ruwan da ya kwanta a mazubi ko tsohuwar taya, a rufe na sha, a wanke bangon mazubin duk mako saboda ƙwan sauron a jikinsa yake mannewa.

'Yarki kuwa, idan ta warke ta samu kariya mai ɗorewa daga nau'in da ya kama ta, amma sauran ukun kariyar ta ɗan lokaci ce. Duk zazzaɓin da ta yi nan gaba, ki gaya wa likita tun a bakin ƙofa cewa ta taɓa yin dengi mai tsanani. Akwai rigakafin dengi mai suna Qdenga, allura biyu da tazarar wata 3, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da cutar ta yi yawa. Ki tambayi likitanta ko ana samunsa a inda kuke da kuma lokacin da ya dace a yi mata bayan ta murmure, a kuma maimaita gwajin hanta bayan an sallame ku don a tabbatar ya koma daidai.